Awon Damtsen Auta

A wancan zamanin Amarya da mijinta suna zaune ne a saman wani tsohon bene, ciki biyu da falo. Falon ma suna kawai ya tara, don keken ɗinki ya cinye rabinsa, ƙyallaye da zare sun mamaye sauran. Nan Amarya take yini. Kada sunan ya ruɗe ku, shekararta goma sha ɗaya a ɗakin miji, da 'ya'ya biyu 'yan makaranta. Ita ce dai ta ƙarshe da aka auro cikin dangin, sai sunan ya manne mata, kamar yadda mijinta ya girma har ya tara gemu amma uwarsa da yayyensa ba su daina ce masa Auta ba.

Ranar da rigimar ta tashi wata Asabar ce da hantsi. Amarya tana kan keke tana rage hannun rigar Auta, karo na uku ke nan cikin shekara guda. Abin da ke cin ranta shi ne kullum hannun riga ragewa take yi, wajen ciki kuwa ƙari. Shi kuma gogan yana kai da komowa tsakanin ƙofa da taga, robar ruwa a kowane hannu, yana ɗagawa yana saukewa, yana ƙirgawa da ƙarfi wai don ta san ba ya ha'inci. A kan tebur ga faranti da ɓawon ƙwai biyu, ga kofin madara ya sha ya rage.

"Goma sha takwas, goma sha tara, talatin."

"Ashirin dai," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Haka aka koya muku lissafi a makarantarku?"

Yana cikin dariya aka turo ƙofa. Inna ce, mahaifiyarsa, tana haki saboda hawan bene, bayanta kuma Yaya Babba, babbar yayarsa, riƙe da ledar lemo. Sallamar Inna a rabi ta tsaya. Ta dubi ɗanta, gumi na bin wuyansa, ta dubi robobin ruwan, sannan idonta ya sauka kan ɓawon ƙwai. Amarya ta sauko daga keke ta durƙusa tana gaishe su, babu wanda ya amsa mata.

Sai an san yadda Auta yake a da kafin a gane abin da Inna ta gani a ranar. Mai walda ne, ƙofofi da tagogin ƙarfe yake haɗawa, kuma a layinsu kaf babu mai ƙirarsa. Ƙofar da mutum uku suke cicciɓa, shi kaɗai yake saɓa ta a kafaɗa ya ɗora a mota. Haɗuwarsa da Amarya ma ta dalilin ƙarfin nan ce. Tana budurwa ta sayo kekenta na farko, mai mota ya sauke mata shi a bakin titi ya yi gaba, ta tsaya tana waige-waige kamar ta yi kuka. Auta ya fito daga shagonsa, ya sungumi keken da teburinsa ya tambaye ta ina ne gidan. Bayan kwana biyu sai ga shi da yadi, wai riga yake so. Ta ce ita ɗinkin mata take yi. Ya ce ai hannu biyu gare shi kamar kowa, ta gwada. Da ta zagaya tef a damtsensa ta ga inci goma sha biyar, sai ta ɗauka kuskure ta yi, ta sake aunawa. Cikin wata uku riga bakwai ya ɗinka, mutumin da kullum cikin kayan aiki yake, kuma duk zuwa sai ya ce a sake awo ko ya ƙaru. Ita ma da ta haddace awon tun ranar farko ba ta taɓa cewa a'a ba.

Ciwon hanta ne ya shigo musu a ɓoye. Ashe ya daɗe a jikinsa yana aiki a hankali, sai da ya kusa shekara arba'in ya bayyana: kasala, ido ya yi rawaya, ƙafa ta kumbura. Likitar da take duba shi ta ce hantar ta yi tabo, ba za ta koma sabuwa ba, amma ana iya zama da ita shekaru in an kiyaye. Ta ba shi magani, ta ce a rage gishiri sosai. Ta kuma ja kunnen Amarya a kan abu biyu: kada a bar shi da yunwa, a ba shi ƙwai da madara da wake da kifi, kaɗan-kaɗan sau da yawa, har da ɗan abin taɓawa kafin ya kwanta, kuma kada a bar shi ya lafe a gado. Ta ce masu wannan ciwo naman jikinsu zubewa yake yi, ƙashinsu ya yi rauni, kuma sau da yawa wannan ne yake kayar da su tun hantar ba ta gaza ba.

Duk wannan Amarya ta yi ƙoƙarin faɗa wa Inna a wannan Asabar, tana durƙushe. Yaya Babba ce ta katse ta. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an ba mai ciwon hanta ƙwai ba, ko yaron goye ya san maiƙo da nama guba ne gare shi. Ta ce marar lafiya hutu yake so, amma ita ta mayar da shi jakin ɗaukar ruwa. Daga nan ta faɗi maganar da ta daɗe tana yi wa Amarya ciwo.

"In kin gaji da jinya ki faɗa mana. Muna da hannu, ba daga sama ya faɗo ba."

Inna ba ta zagi kowa ba, ita ba mai zagi ba ce. Zama ta yi a bakin kujera ta fara kuka, kukan da ya fi zagi zafi. Kowa a gidan ya san dalili. Wannan ciwon ne ya kashe mahaifin Auta shekara talatin da suka wuce. A lokacin an hana shi nama, wani abokinsa ya ji tausayinsa ya kawo masa a ɓoye, bayan kwana uku ya rikice bai san wanda ke kansa ba, bai ƙara sati ba ya cika. Tun daga nan Inna ta riƙe a ranta cewa naman nan ne ya raba ta da mijinta. Yanzu ga ɗanta na ƙarshe, mai kama da uban kamar an tsaga kara, ga ɓawon ƙwai a gabansa.

Ta share hawaye ta ce a haɗa masa kayansa, gidanta za ta tafi da shi.

Amarya ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira daga bakinsa. Amma Auta, mutumin da yake lanƙwasa ƙarfe da hannu, bai taɓa iya kallon hawayen uwarsa ya ce a'a ba. Ya bi ta cikin ɗaki tana ninke masa riguna, ya tsaya a bayanta yana sosa ƙeya, ya ce sati biyu ne kawai, hankalin Inna ya kwanta ya dawo. Ta ci gaba da ninke kayan. Ta ji haushinsa ƙwarai, ta kuma ji tausayinsa, duka a lokaci guda. Ta leƙa ta taga tana kallonsu, ya sauka benen da ƙafarsa tsaf, amma Inna da Yaya Babba sun riƙe shi hagu da dama kamar wanda zai faɗi.

Sati biyu ya zama wata biyar.

Gaskiya dai ba a taɓa yi wa ɗan Adam gata irin wanda Inna ta yi wa Auta ba. Ta ba shi ɗakinta da gadonta, ta koma tabarma. Ta sa labule mai kauri don kada rana ta dame shi. Ruwan wanka a kai masa, ruwan alwala a kawo masa gaban gado, takalmi ma ita take sa masa. In ya motsa zai ɗauki kofi, kafin hannunsa ya kai ta riga shi. Abincinsa kuwa farar shinkafa ce zalla da ruwan lemo da ruwan rake, sau biyu a yini, wai kada a wahalar da hanta. Ranar komawa asibiti ta zo, Inna ta ce jijjigar mota za ta tayar masa da ciwo, a je a karɓo maganin kawai. Haka aka yi har sau uku.

Ba a hana Amarya zuwa ba, kwanonta aka hana shiga. Ranar farko ta zo da dafaffen kifi da wake, Yaya Babba ta tare ta a tsakar gida, ta buɗe ta leƙa, ta rufe ta miƙa mata abinta, ta ce ta kai wa yara. Washegari ta sake kawowa, aka sake mayar mata. Sai da aka yi haka sau tara kafin ta haƙura. Duk da haka kullum in ta sallami yara makaranta sai ta rufe keke ta zo, ta gaishe da Inna har ƙasa, ta share tsakar gida, ta wanke kayansa, sannan a ba ta minti goma ta zauna a gefen gadonsa, ƙofa a buɗe.

A minti goman nan suke tuna da. Ya tambaye ta ko tana tune da rigar farko, wadda hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo amma ya sa ta sati guda yana yawo. Ta ce ai laifinsa ne, shi ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya tuna mata ranar da ya ɗauko yaran biyu a kafaɗa ɗaya, buhun shinkafa a ɗayar, ya hau bene yana waƙa, maƙwabta suna leƙe. Su yi dariya ƙasa-ƙasa. Kafin ta tashi sai ta zaro tef daga cikin mayafinta, ta zagaya a damtsensa da sauri, ta mayar. Shi kuma ya kau da kai, ba ya tambaya. Ranar da ya bar gida inci goma sha biyu ne. Wata na biyu ya koma goma sha ɗaya. Wata na huɗu goma ma da ƙyar.

Abin da ya fi ƙona mata rai, a gidan murna ake yi. Yaya Babba ta sayo sikeli, duk Juma'a a tallafo Auta a ɗora shi, allura ta hau, a yi ta hamdala. Kilo biyu ya ƙaru, kilo uku ya ƙaru. Inna ta riƙa shafa cikinsa da ya yi tulu tana cewa ga jiki nan yana dawowa, har tumbi ya ajiye irin na babansa. Amarya ta daure ta daure, wata Juma'a ta kasa.

"Inna, ku yi haƙuri, ba ƙiba ba ce wannan. Ruwa ne. Ku dubi hannunsa, ku dubi wuyansa. Inci biyu ya zube tun da ya zo."

Yaya Babba ta tuntsire da dariya, ta ce to ga sabuwar likita ta fito, mai duba marasa lafiya da tef ɗin ɗinki, saura ta kawo almakashi ta yi masa tiyata. Ta nuna sikeli ta ce wannan na'ura ce, ba ta ƙarya, ba ta kuma da baƙin ciki. Inna ta ce a bar maganar. Auta yana zaune a bakin gado, kansa a ƙasa.

A hanya ranar Amarya kuka take yi, ba ta damu da masu kallo ba. Ba ta wuce gida ba, wurin mahaifiyarta ta nufa. Tsohuwar ta saurare ta tsaf, ranta ya ɓaci, ta ce ta kwaso yaranta ta dawo gida, tunda sun nuna ɗansu ne su ji da abinsu, mutuncinta ya fi mata zirga-zirgar nan. Amarya ta yini tana juya maganar. Wallahi ta so ta bi ta, don ta gaji da zama baƙuwa a gefen gadon mijinta. Amma ta tuna cewa a duk gidan nan ita kaɗai take ganin abin da ke faruwa, in ta ɗauke ƙafa babu sauran mai gani. Washegari da safe tana tsakar gidan Inna da tsintsiya a hannu. Ta je wurin Likita ita kaɗai ta ce mata jikinsa na zubewa, ba ta ambaci laifin kowa ba, Likita ta rubuto takarda cewa lallai a kawo shi, Yaya Babba ta karɓa ta cusa a ƙarƙashin katifa.

Abin da ya kawo ƙarshen zaman bai taka kara ya karya ba. Wata Talata bayan azahar, Inna ta kawo masa ruwan lemo, tabaraunta ya zame ya faɗi a gaban gadon. Wata biyar tana yi masa komai, shi bai yi mata komai ba. Kafin ta sunkuya ya riga ta, ya duƙa zai ɗauko mata. Amarya tana shanya a tsakar gida ta ji ƙararsa. Ba ta taɓa jin muryarsa a haka ba, ko ranar da ƙarfe mai zafi ya faɗo masa a ƙafa. Ta shigo ta tarar da shi a ƙasa ya kasa miƙewa, tabarau a hannunsa, yana cewa bayansa, bayansa.

A cikin motar da ta kai su asibiti Yaya Babba ba ta yi shiru ba. Ta ce ai ga shi nan, robobin ruwan da aka sa shi ɗauka ne suka tsaga masa baya tun tuni, yau abin ya fito. Amarya tana riƙe da kansa a cinyarta, ba ta ko dube ta ba.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Aka kwantar da shi, aka sa masa allura a ciki aka zuƙe ruwa, roba bayan roba, har lita shida. Inna tana tsaye tana kallon tumbin da ta yi wata biyar tana alfahari da shi yana sacewa. Da aka gama, ma'aikaciyar jinya ta yaye masa riga za ta canja, sai ga Auta na gaskiya ya fito: haƙarƙari a jere, ƙashin wuya a waje, hannu kamar na yaro ɗan shekara goma. Inna ta dafa bango.

Likita ta kira su ofis su uku. Ta ɗaga hoton a jikin fitila ta nuna musu ƙashin baya guda biyu da suka lotse. Ta ce ƙashinsa ya yi sakayau irin na tsoho ɗan tamanin, shi ya sa duƙawa kawai ta isa ta karya shi. Ta tambayi abin da yake ci. Inna ta lissafa mata tiryan-tiryan, da sauran ƙarfin gwiwarta, ta ƙara da cewa ko ƙwayar gishiri ba ta bari ya shiga bakinsa, nama kuwa ko ƙamshinsa.

Likita ta ce maganar gishiri ta yi daidai, ta kyauta. Sannan ta sassauta murya ta yi mata bayani. Ta ce hanta ita ce ma'ajiyar abincin jiki, in ta yi tabo ajiyar takan ragu, to jiki in ya ji yunwa ko ta 'yan awoyi ce sai ya juya ya riƙa cin naman kansa. Ƙashi kuma in ba a taka shi, ba ya samun abinci, ba ya ganin rana, lalacewa yake yi a hankali ba tare da ciwo ba, sai ranar da ya karye. Inna ta ba ta labarin mijinta da naman da aka kawo masa. Likita ta ce a wancan lokacin haka ake hana su, ba Inna kaɗai aka faɗa wa ba, amma yanzu an gane hanin yana cutarwa fiye da yadda yake amfani, kuma ciwon ne ya kai matuƙa ya ɗauki maigidanta, ba loma uku na nama ba.

Daga nan ta buɗe fayil tana neman sanin yaushe jikin ya fara zubewa haka, ta ga wata biyar babu komai a rubuce. Amarya ta ce ita ta sani. Ta zayyano mata awon damtsensa wata bayan wata, duk da ka. Likita ta rubuta, ta ce da ma masu jinya duka teloli ne da aikinta ya yi sauƙi. Sai ta ajiye biro, fuskarta ta canja.

"To ke da kika san duk wannan, kuma na yi miki bayani tun farko, wa ya kwantar da shi wata biyar? Wa ya hana shi abinci?"

Yaya Babba ta dubi ƙasa. Inna ta buɗe baki za ta yi magana. Ga dama ta samu, irin wadda Amarya ta sha rayawa a ranta tana shara, ta tsara kalmomin da za ta faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi tsohuwar, ta ga yadda ta tsufa a cikin yini guda, sai ta ji duk kalmomin sun fita daga ranta.

"Mu ne, Likita," ta ce. "Tsoro ne ya yi mana yawa. A faɗa mana abin da za mu yi yanzu."

Ba wanda ya ƙara magana a kai. Amma da suka fito, a barandar asibiti, Inna ta kamo gefen mayafin Amarya ta riƙe, suka yi ta tafiya a haka har ɗakin da yake kwance. Yaya Babba kuwa ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, ba halinta ba ne. Washegari dai aka gan ta da kiret ɗin ƙwai a ka, ta dire a gaban Amarya ta ce ita ba ta san yadda ake dafa na marasa lafiya ba. Auta ne ya nemi gafara da baki, ranar da suka samu kansu su biyu shi da Amarya. Ya ce ya ga komai, ya san ita ce da gaskiya, tsoron hawayen Inna ne ya rufe masa baki. Ta ce ta yafe, amma in ya sake yi mata shiru irin wannan, riga mai hannu ɗaya za ta ɗinka masa.

Aka sallame su bayan sati biyu da bel mai tallafe baya ɗaure a jikinsa da magungunan ƙarfafa ƙashi. Bene ya fi ƙarfinsa tukuna, don haka gidan Inna aka koma, amma wannan karon Inna da kanta ta ce Amarya ta kwaso yara su dawo nan. Aka yaye labulen nan mai kauri. Aka riƙa fito da shi tsakar gida yana shan hantsi. Ƙwan farko Inna ce ta ɓare masa, ta miƙa masa ta fita da sauri don kada ta ga ya ci. Ta yi kwana uku tana leƙa idonsa tana tambayarsa sunayen 'ya'yansa, ko ya rikice. Bai rikice ba, sai ma tsokanarta da yake yi yana kiran sunayen a juye.

Wani mai gashin ƙashi da asibiti suka haɗa su da shi, wanda yake zuwa sau biyu a sati, ya ba su aiki guda: Auta ya tashi daga kujera da kansa, ba tare da an ɗaga shi ba, ba kuma tare da ya dafa komai ba. Ya ce ranar da ya iya wannan, an kama hanya. Nan aka sha fama, kuma ba da Auta ba, da Inna. Da zarar ya yunƙura fuskarsa ta yamutse, sai ta zabura ta tallafe shi. A yi mata magana ta ce ba ta san ta tashi ba. Sati uku ana haka.

Wata safiya aka ajiye kujerar a tsakar gida kamar kullum. Inna ta zo ta zauna a tabarma kusa da Amarya, ta miƙa mata hannayenta duka biyu.

"Riƙe ni, 'yar nan. Ko na ce ki sake ni, kada ki saki."

Amarya ta riƙe. Auta ya harɗe hannu a ƙirji, ya matso bakin kujera, ya yunƙura. Ya ɗago kaɗan ya koma daɓas. Ya sake, gwiwoyinsa na kaɗawa, gumi ya keto masa, ya koma. Inna ta fizgi hannunta, ta ce a sake ta, yaron nan zai faɗi, ta roƙa da Allah da Annabi. Amarya tana hawaye ta ƙara damƙewa, ta ce Inna ku yi haƙuri, ku kuka ce. A karo na uku ya cije leɓe ya taso a hankali, a hankali, har ya miƙe tsaye. Ya tsaya yana haki, babu abin da ya dafa. Sannan ya tako, taku huɗu, ya zo gabansu ya miƙa wa uwarsa hannu wai ya tashe ta. Inna ta kalli hannun, siriri, yana rawa. Ta saka nata a ciki, amma da ƙarfin ƙafarta ta tashi, shi ma ya sani, ita ma ta san ya sani.

Hantar ba ta warke ba, kuma Auta bai ƙara saɓa ƙofar ƙarfe a kafaɗa ba. Amma ya koma gidansa da ƙafarsa, ya koma shago yana zana aiki yana duba na ma'aikata, ya ga auren 'yarsa. Masu jinya, ku ji wannan: ba duk hutu ne gata ba, ba duk hani ne magani ba, a tambayi masu ilimin abin a kuma bi abin da suka faɗa. 'Yan mata kuma ku dubi Amarya. Tana da gaskiya wata biyar ana yi mata dariya, ba ta yi zuciya ta tafi ba, kuma ranar da gaskiyarta ta fito ba ta tozarta kowa da ita ba. Da ta tafi da ta rasa miji, da ta rama da ta rasa uwar miji. Haƙurinta ya bar mata su duka biyun, har Inna ta rasu a ɗakin Amarya take kwana in ta zo, kuma ba ta yarda kowa ya ba ta magani sai ita.